Kai na sara, wuya ya riƙe: abubuwan da ba a faɗa a kemis

Ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafi. Likitoci kan yi wa mutum aiki a cikinta idonsa biyu, suna hira. Masu kai ƙara su ne hanyoyin jini, da tantanin da ya lulluɓe ta, da naman wuya da na ƙeya. Shi ya sa wanda ya wuni da tunanin bashin taki, kafaɗa a ɗage, haƙora a cije, yake jin kamar an naɗa masa rawani tamau. Wannan nau'in ciwon kai ya fi kowanne yawa a duniya.

Kan baligi kusan kilo 5 ne. A 2014 wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa cewa in ka sunkuya sosai kana latsa waya, nauyin da ke kan wuya ya kai kilo 27. Mai dakon rake a Makarfi da mai ɗaukar kwandon tumatir a Ikara sun san kaya suka ɗauka: su nemi gammo, su sauke su huta. Saurayin da ya raba dare a TikTok ko gammon babu.

Ƙashin wuyan raƙumin dawa 7 ne, naka ma 7.

Goro da shayi na da kafeyin. Dattijon da kansa ke sara da la'asar ranar farko ta azumi, ba yunwa kaɗai ke damunsa ba, jiki ne ke tambayar goronsa.

Wanda ya fi ba ni takaici: maganin ciwon kai na jawo ciwon kai. Shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata 3, na iya mai da ciwon na kullum. Ƙwayoyi masu haɗin kafeyin kuwa kwana 10 ya isa. Dubi manomi a Hunkuyi ya dawo daga fadama da magariba, ya tsaya kemis: "Malam, haɗa min na gajiya." A ƙulle masa ƙwayoyi kala-kala a leda, babu suna, babu awo. Gobe ya tashi da saran kai, ya koma a ƙara masa. Ruwa, barci da sassauta wuya da tsumma mai ɗumi sun fi masa arha.

Hawan jini, da ake ɗora wa laifi, galibi shiru yake yi. Awo ne ke tona shi. Ciwon ɓarin kai kuma ya fi kama mata, kuma yakan jira sai hankali ya kwanta, washegarin biki misali, sannan ya sauka.

Akwai ciwon kan da ba a yi wa ƙaho ko jira: wuya ya sandare, ga zazzaɓi, ga amai, ido ya ƙi haske, musamman da bazara. Alamun sanƙarau ke nan, wanda a 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. Wannan a nufi asibiti a daren, ko da na Shika ne.