Gajeren wasan barkwanci a makaranta: Asalinsa da amfaninsa ga ɗaliban karkara

A garuruwa irin su Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa a Jihar Kano, yaro yakan fara kwaikwayo tun kafin malami ya koya masa sunan abin. Da zarar azumi ya kai kwana goma, yara sukan fita tashe, wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, 'yan mata kuma su kwaikwayi zaman aure a wasan Mairama da Daudu. Abin tambaya shi ne, me ya sa wannan baiwa take tsayawa a ƙofar makaranta?

Tarihi ya nuna cewa a makaranta aka reni rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa. Rupert East ya fitar da littafin gajerun wasanni shida na Hausa domin amfanin ɗalibai. Abubakar Tunau ya biyo baya da Wasan Marafa, wanda jigonsa tsafta da kiwon lafiya ne. Malam Aminu Kano ma, tun yana ɗalibi har ya zama malami, ya riƙa tsara wasanni masu ban dariya da ke sukar zalunci da cuta. Daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, aka kuma samu Uwar Gulma da Kulɓa Na Ɓarna, waɗanda dubban ɗalibai suka karanta. Hatta masana'antar Kannywood daga ƙungiyoyin wasan daɓe ta tsiro, domin ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta shirya Turmin Danya a 1990.

Wasa mai kashi ɗaya shi ne wanda ake farawa a gama a zama guda, galibi cikin minti goma sha biyar zuwa talatin. Wuri ɗaya yake buƙata, matsala ɗaya, da 'yan wasa kaɗan. Ginshiƙansa uku ne: gabatar da matsala, rikicewarta, da warwararta. A ɗauki misalin manomin da ya ɓoye kuɗin gyaɗarsa a cikin buhun gero, uwargida kuma ta bayar da buhun zakka ba ta sani ba. 'Yan kallo sun san inda kuɗin yake, maigida bai sani ba, kuma daga wannan saɓani dariya take fitowa. Kafin a tashi, kowa ya fahimci illar ɓoye-ɓoye tsakanin miji da mata ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba.

Irin wannan wasa ya dace da makarantar karkara saboda ba ya cin kuɗi. Inuwar darbejiya ta isa dandamali, bencin aji ya zama karagar alƙali, babbar rigar aro da rawani su mayar da ɗan aji biyar mai gari. Gajartarsa kuma tana da muhimmanci a yankin da yara ke komawa gona da kiwo bayan an tashi, musamman da damina da lokacin kaka. Gwajin rabin sa'a sau biyu a mako ya wadatar.

Amfaninsa ya wuce nishaɗi. Yaron da ya haddace rawarsa ya yi karatu da fahimta, ya kuma koyi ɗaga murya da daidaita lafazi. Yarinyar da kunya ke hana ta amsa tambaya a aji takan saki baki idan da bakin wata take magana. Ga sauraron juna, da jiran lokacin magana, da aikin haɗin gwiwa. Waɗannan su ne abubuwan da ake nema daga mai neman aiki a gaban masu tantancewa, ko ɗan kasuwa a gaban abokin ciniki. Iyaye ma, waɗanda da wuya su taka makaranta, sukan cika fili ranar rabon kyaututtuka idan 'ya'yansu za su fito.

Sai dai barkwanci yana da iyaka. Wasan da ke yi wa makaho ko mai in'ina ko wata ƙabila dariya yana koya wa yara raini ne. Wajibi ne malami ya karkata dariyar zuwa ga hali, kamar rowa, ƙarya, ha'inci a mudu ko son banza, ya kuma kiyaye sutura da ladabi yadda iyaye za su aminta.

Manhajar ilimin matakin farko ta riga ta tanadi wasan kwaikwayo a cikin darasin al'adu da fasaha, adabin Hausa kuma yana cikin jarrabawar WAEC da NECO. Tunda gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024, ya kamata gyaran ya haɗa da abin da ke faruwa a cikin aji, ban da gina ajin kansa. Abin da ake buƙata kaɗan ne: malami guda da za a ɗora wa alhakin ƙungiyar wasa, sa'a ɗaya a jadawalin mako, gajerun wasanni da marubutanmu za su rubuta daidai da shekarun yara, da gasa tsakanin makarantun ƙaramar hukuma sau ɗaya a shekara. 'Yan kasuwa da ma'aikatan da suka fito daga waɗannan garuruwa suna iya ɗaukar nauyin kofi da littattafan kyauta ta hannun ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma bakin yaro tun yana ƙarami ake buɗe shi.