Injin Sassaƙa Mai Kwamfuta: Kafin A Ce Ya Mutu, A Duba Wuraren Nan

Duk mai shiga kasuwar Dakoro ko babbar kasuwar Maraɗi a 'yan shekarun nan ya ga yadda kayan ɗakin amare suka canza kama. Fuskar gado da ƙofar durowa duk an ƙawata su da zanen furanni, kuma in ka jera gado goma za ka tarar zanen iri ɗaya ne sak, babu wanda ya ɗara wani ko da ƙwayar gero. Haka abin yake a wuyan shadda da ake sarowa daga Kano. Wannan aiki ba na hannun mutum ba ne, inji ne da kwamfuta ke ba umarni, wanda masu sana'ar ke kira CNC.

Ganin yadda kayan ke tafiya ya sa wasu 'yan kasuwa, har da iyayenmu mata masu adashi, ke sha'awar su sayi ƙaramin injin su danƙa wa ɗa ko ƙane, ya riƙa sassaƙa allon shago, da hatimi, da sunan amarya a kan katako. Shawara ce mai kyau. Sai dai akwai ranar da ba a cika tunawa da ita ba lokacin ciniki, wato ranar da injin zai tsaya cak alhali an karɓi kuɗin mutane, biki kuma saura kwana uku. Daga Dakoro zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne, kuma ba kowane mai gyaran rediyo ne ya san kan wannan inji ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, sau da yawa injin da aka yanke wa ƙauna lafiyarsa lau, matsalar ba ta wuce wuta, ko noti da ya kwance, ko ƙura, ko wata lamba da aka taɓa a kwamfuta ba.

Yadda injin yake aiki

Tun a shekarar 1952 aka fara nuna irin wannan inji a jami'ar MIT ta Amurka, bayan wani ɗan kasuwa mai suna John Parsons ya kawo dabarar sarrafa inji da lambobi domin ƙera kayan jirgin sama. A lokacin sai manyan masana'antu ke iya mallakarsa. Abin da ya sauko da shi hannun talaka shi ne wani ɗan allon lantarki mai araha da ake kira Arduino, wanda aka fito da shi a Italiya a 2005, da kuma manhajar GRBL ta kyauta da wani ɗan ƙasar Nowe, Simen Svale Skogsrud, ya rubuta a 2009. Yawancin ƙananan injinan da ake kawowa daga Sin, irin wanda ake kira 3018 saboda filin aikinsa santimita 30 ne da 18, da wannan manhaja suke aiki. Waɗanda suka ɗan fi girma kuma akan haɗa su da Mach3 ko LinuxCNC.

Aikin kamar saƙon kasuwa yake, hannu huɗu yake bi. Mai zane ya zana a kwamfuta, manhaja ta mayar da zanen jerin umarni da ake kira G-code, umarnin ya bi waya zuwa allon da ke jikin inji, allon kuma ya tura ƙananan injina uku masu taku, ɗaya hagu da dama, ɗaya gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa. Kowannensu yakan yi taku 200 kafin ya kammala juyi guda. Abin lura a nan shi ne, ƙaramin injin makaho ne, ba ya ganin inda bakinsa yake, ƙirga taku kawai yake yi. In wani abu ya tare shi ya rasa taku goma, ba zai sani ba, haka zai ci gaba da sassaƙa a inda bai kamata ba. Duk wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin gyaran.

A fara da wuta

Mu mutanen jahar Maraɗi ba sai an ba mu labarin wuta ba. Kaso mai yawa na lantarkin da kamfanin NIGELEC ke rabawa a yankin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa yake shigowa, kuma ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita. Injin niƙa na iya jure wuta mai hawa da sauka, amma allon CNC ba ya jurewa. Ƙiftawa ɗaya ta isa ta sa ya manta inda yake, a yi asarar katako da wunin aiki.

Saboda haka in inji na tsayawa tsakiyar aiki, ko kwamfuta ta ce ta daina ganinsa, kada a yi saurin buɗe cikinsa. A duba ko lokacin ne ake tada injin walda ko firiza a kan layi guda. A sa masa sitabilaiza, in da hali a haɗa da batirin da ke riƙe wuta na 'yan mintoci. In da janareto ake aiki, a bari ya daidaita kafin a kunna injin, kuma a kashe injin kafin mai ya ƙare. Wani abin da kan rikita mutane shi ne kan da ke juya bakin sassaƙa yana fitar da hayaniyar lantarki da ke shiga wayar USB ta tsinke magana tsakanin kwamfuta da allo. Alamarsa ita ce inji na tafiya lafiya muddin kan bai juya ba, da an kunna shi sai magana ta yanke. Maganinsa gajeriyar waya mai kauri, a raba ta da wayar wuta, sannan a ɗaura wa jikin injin wayar da aka binne a ƙasa. A kuma hana kwamfutar yin barci lokacin aiki, domin in ta yi barci umarni ya tsaya.

In kwamfuta ta ƙi ganin inji

Wannan ita ce matsalar ranar farko, kuma ita ce ke sa wasu su rantse an sayar masu da mataccen kaya. Yawancin allunan nan suna buƙatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, mai suna CH340, kafin kwamfuta ta gane su. Bayan an sa ta, sai a zaɓi ƙofar da ta dace a cikin manhajar tura aiki, kamar Candle ko Universal Gcode Sender, a kuma tabbatar saurin magana yana kan 115200. In lambar ta saɓa, sai a ga rubutun shirme ko a ji shiru. Haka nan manhaja biyu ba sa riƙe ƙofa ɗaya a lokaci guda, sai an rufe ɗaya.

Masu Mach3 kuma su sani cewa injin da ke amfani da tsohuwar ƙofar firinta mai faɗi sai da tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows XP ko Windows 7 mai lamba 32 yake tafiya. 'Yar wayar da ake sayarwa mai mayar da USB ƙofar firinta ba ta yin wannan aiki, kada a ɓata kuɗi a kanta.

In an ga jan rubutu na Alarm, ba mutuwa ba ce, kashedi ne. Alarm 1 na nufin injin ya taɓa ɗaya daga cikin 'yan makunnan da ke ƙarshen hanyarsa, Alarm 2 kuma na nufin zanen ya fi filin injin girma ko an fara shi daga inda bai dace ba. Ana buɗe shi da umarnin $X, in yana da makunnan iyaka kuma a mayar da shi gida da $H.

In zane ya fito a karkace

A nan ne ake gane mai natsuwa. In an zana da'ira ta fito kamar ƙwai, ko rubutu ya riƙa zamewa gefe, a kashe inji a kama kan a girgiza shi a hankali. In yana motsi, akwai abin da ya kwance. Wurin da ya fi yawan laifi shi ne ɗan ƙarfen da ke haɗa injin taku da doguwar sandar da ke tura kai, domin 'yan ƙananan notinsa kan saki saboda jijjiga. Alanki kawai yake so. Mai amfani da bel kuma ya duba ko ya saki.

In komai a ɗaure yake amma aikin ya fito rabin girmansa ko ninki biyu, to lissafin taku ne ya ɓaci. A sa rula, a umarci inji ya tafi milimita 100, a auna. Alal misali in 50 kawai ya yi, kuma lambar da ke $100 ita ce 400, sai a mayar da ita 800. Haka ake yi wa $101 da $102. In kuwa aikin ya fito ɗan mitsitsi ko ya yi girman da ya wuce hankali, a duba ko an haɗa inci da milimita, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne. G20 inci ne, G21 milimita. In rubutu ya fito a juye kamar a madubi, gefe ɗaya ne ke tafiya baya, ana gyara shi a $3.

Baki na yawan karyewa? Galibi haɗama ce. An nutsa shi da zurfi a tafiya ɗaya, ko an ba shi gudun da ya fi ƙarfinsa, ko katakon bai ɗauru sosai ba. Ƙaramin inji kaɗan-kaɗan yake ci, gara a bi layi sau biyar da a karya baki a ɓata katako.

Ƙura da zafi

Waɗanda suka ƙera injinan nan ba su san hunturun Dakoro ba, ba su kuma san zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ba. Ƙura in ta haɗu da giris sai ta zama kamar ƙullu, ta riƙe sanda, inji ya fara rasa taku. A share sandunan kullum bayan aiki, a ɗiga mai kaɗan, a lulluɓe injin da zane. Allon kuma in ya yi zafi yakan ɗauke da kansa na ɗan lokaci domin kada ya ƙone. Duk injin da ke aiki lafiya da safe amma ya fara hauka bayan azahar, a duba 'yar fankar da ke kan allonsa kafin a zargi kowa.

Muna kuma jan hankali game da lafiya. Garin katakon MDF na cutar da huhu, a rufe hanci da ido. Hajiya in kin zo duba aiki, ki tattare gyale da hijabi, domin bakin da ke juyi ba ya tambaya kafin ya kama.

Duk abin da muka lissafa ya shafi injin aikin wuya mai kwamfuta da teloli ke amfani da shi, domin dangi ɗaya suke. Shi ma wuta da ƙura ne manyan abokan gabansa, sai kuma filas mai bairos da ake yawo da shi shago-shago ana kwasar zane, da fayil ɗin da ba irin wanda injin ke karantawa ba, wanda a yawancinsu DST ne.

Shawara ga mai zuba jari

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da inji ya iso yana aiki lafiya, a rubuta $$ a manhaja, duk lambobinsa za su fito, a kwafe su a littafi a adana tare da takardun shago. Ranar da wani mai ƙaramin sani ya dagula su, littafin nan shi ne likita. In ana gyara, a taɓa abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, kuma a fara gwaji a iska, baki a sama, kafin a sa katakon mutane. A sayo bakuna da bel da wayar USB da allo na ajiya tun tare da injin, domin mun ga yadda rufe iyaka a 2019 da 2023 ya hana kaya shigowa wata da watanni. Kada a biya dillali cikon kuɗi sai an ga injin ya sassaƙa da'ira da murabba'i an auna da rula.

Babban jarin kuwa shi ne yaron da zai riƙe injin. Muna da makarantar fasaha ta Dan Kasawa da Jami'ar Dan Dikko Dankulodo a Maraɗi, ga kuma shagunan da ke wannan aiki a Kano inda yaro zai iya zama ya koya. A birnin Lome na Togo, wani matashi mai suna Afate Gnikou ya haɗa injin da kwamfuta ke sarrafawa daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci a 2013, a wata cibiya da ake kira WoeLab, har labarinsa ya zaga duniya. 'Ya'yanmu da ke kwance wayar salula su mayar a bakin tasha ba su gaza shi basira ba. Wanda zai fitar da kuɗin inji, ya ware na koyo tun farko, in ba haka ba ya sayi abin ɗora tabarma a kusurwar shago.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya kare mu daga asara, amin.