Mdou Moctar: Buzun da ya naɗi waƙa a Sakkwato, duniya ta ji shi da harshen uwarsa

A shekarar 2008 wani matashin Buzu daga Jamhuriyar Nijar ya shiga wani situdiyo a Sakkwato domin naɗar waƙoƙinsa. A lokacin, kiɗan fiyano irin na finafinan Hausa ne ke tashe, tare da na'urar nan da ke lanƙwasa murya ta koma kamar ta ƙarfe. Matashin ya ari wannan salo gaba ɗaya, amma bai ari harshen ba. Da Tamashek, harshen Buzaye, ya rera. Kundin da ya fito shi ne Anar, mai shi kuwa Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar.

An haife shi a jihar Tawa a tsakiyar shekarun 1980, a gidan da ba a ɗauki kiɗa sana'ar kirki ba. Bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jita na Buzayen Nijar, sai ya haɗa tasa jitar da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu ya koya. Ya kuma yi zaman ci-rani a Libiya kamar samarin yankinsu da yawa.

Ba a baza Anar a kasuwa kamar yadda aka saba ba. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta yawo, ta Bluetooth da katin memori, har suka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, da ke tattara waƙoƙin da mutane ke ajiyewa a wayoyinsu, ya ci karo da "Tahoultine". Ya saka ta a wani kundin haɗaka na kamfaninsa Sahel Sounds, sannan ya nemo mai ita, ya kuma samar masa jitar lantarki ta bahagwai.

Daga nan salonsa ya sauya. Muryar na'ura ta ja baya, jita ta shige gaba da ƙara da sauri irin na kiɗan rock, amma a kan takun kiɗan bikin auren Agadas. A 2015 ya fito a fim ɗin da aka ɗauka a Agadas, wanda aka gina a kan Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Sunan fim ɗin ma abin dariya ne: saboda an ce Tamashek ba shi da kalma guda ta launin da ke sunan na asali, sai aka kira shi ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki.

Kundin Afrique Victime da kamfanin Matador na Amurka ya fitar a 2021 shi ya buɗe masa manyan dandali. A 2024 ya yi wasa a bikin Coachella da ke California, da rawaninsa.

Abin lura shi ne a duk wannan tafiya bai koma Ingilishi ba, ko da yake akasarin masu sayen tikitinsa a Amurka da Turai ba sa jin ko kalma ɗaya. Ba shi ne farau ba. Juanes, mawaƙin rock ɗan ƙasar Kolombiya, ya daɗe yana ƙin barin Sifaniyanci, kuma waƙarsa "La Camisa Negra" ta hau matsayi na ɗaya a Jamus da Italiya. Sai dai Sifaniyanci na da masu magana da shi ɗaruruwan miliyoyi. Tamashek ba shi da wannan gata, shi ya sa a waƙar "Imouhar" Mdou yake jan hankalin 'yan uwansa kada su bar harshen ya salwanta.

Wannan kira ba zai zama baƙo ba ga mutanen Zuru, wadda take cikin tsohuwar jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991. A ƙasar Lelna ana rera waƙoƙin C'lela a bikin Uhola da wajen aikin gona, amma a cikin gari Hausa ce ke cin kasuwa, kuma matashin da ya shiga situdiyo yakan ji cewa sai da Hausa ko Turanci za a saurare shi. Ga shi kuwa Hausa, wadda mu muke kuka Turanci na danne ta, ita ce ke danne wasu. Mdou ya ɗauki kayan aikin Hausawa a Sakkwato, ya zuba musu harshen gidansu, kuma wannan ne ya bambanta shi da ɗimbin waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane a wancan lokaci.

Waƙoƙinsa ba su tsaya ga soyayya ba. Yana sukar Faransa kai tsaye kan mulkin mallaka da yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit alhali ƙauyukan Nijar na kwana cikin duhu. Kundin Funeral for Justice, wanda ya fito a watan Mayun 2024, an naɗe shi ne tun kafin sojoji su kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023.

Juyin mulkin ya same su suna rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, shi da abokan kiɗansa Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim suka rasa hanyar gida, har sai da masoya suka yi musu karo-karo ta intanet. A cikin wannan zaman jira suka shiga situdiyo a New York, suka sake rera waƙoƙin da jita marar lantarki, a hankali, kamar ta zaman shayi. Shi ne Tears of Injustice, wanda ya fito a farkon 2025.