Sarrafa Zagaye da Ƙananan Umarni a Rubutun Shel

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi bayani a kan yadda ake sarrafa zagaye a rubutun shel, watau harshen da ake ba kwamfuta umarni da shi a tsarin Unix da Linux. Abin da muke nufi da zagaye shi ne a sa kwamfuta ta yi ta maimaita aiki ɗaya, har sai wani sharaɗi ya cika. Muna so mu nuna cewa zagayen shel ba ya tafiya sai da rahoton da ƙananan umarni suke kawo masa, kuma ɗalibin da aka koya wa zagaye ba a koya masa sauraron wannan rahoto ba, yana iya share aikin shekara guda kafin ƙiftawar ido.

2.0 Asali

An fara gina Unix a shekarar 1969 a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka. Shel ɗin farko, wanda Ken Thompson ya rubuta, ba shi da zagaye sosai, sai dai mutum ya yi tsalle ya koma baya da umarnin goto. Zagayen da muka sani a yau, watau for da while da until, ya bazu ne tare da shel ɗin Stephen Bourne, wanda ya fito a Unix bugu na 7 cikin 1979. Shi ne Brian Fox ya bi sawunsa ya rubuta Bash a 1989.

Bourne ya aro wata al'ada daga harshen Algol 68, ta rufe magana da juya kalmar da ta buɗe ta: if ta rufe da fi, case ta rufe da esac. Da an bi wannan ƙa'ida, da do ta rufe da od. To amma ya tarar akwai wani umarni mai wannan suna tuntuni, shi ya sa har gobe muke rubuta done.

3.0 Rahoton umarni

A nan ne gizo yake saƙa. Kowane umarni, idan ya gama aikinsa, yakan bar wata lamba da za mu kira lambar sakamako. Sifiri yana nufin an yi nasara, duk wata lamba kuwa daga 1 zuwa 255 tana nufin akwai wani abu. Wannan yakan rikita ɗaliban da suka saba da harshen C, inda sifiri yake matsayin ƙarya. Hikimar ita ce hanyar nasara ɗaya ce, amma hanyoyin kasawa suna da yawa, saboda haka su ne suke bukatar lambobi iri-iri. Alal misali, grep yakan bar 0 idan ya sami abin da aka aike shi nema, 1 idan bai samu ba, 2 kuwa idan ya kasa buɗe fayil ɗin ma.

Wannan lamba kaɗai while yake dubawa. Muddin ta zo sifiri zai ci gaba, until kuma zai ci gaba muddin ba sifiri ba ce. Hatta bakar nan mai kusurwa da ake rubutawa bayan while ba alamar rubutu ba ce, umarni ce mai zaman kanta, wani suna ne na test. Dalilin da ya sa ke nan tilas a bar fili bayanta, kamar yadda ake yi wa kowane umarni.

4.0 Tsallakewa da ficewa

Da umarni biyu ake juya akalar zagaye daga ciki. Continue yana cewa a bar wannan karo a wuce zuwa na gaba, break kuwa yana cewa a fice gaba ɗaya. Idan zagaye yana cikin wani zagaye, ana iya ƙara lamba, kamar break 2, a fice daga duka biyun. Mu dubi wannan misali, na share tarkacen fayiloli daga kowace jaka:

for j in */
do
cd "$j" || continue
rm -f *.tmp
cd ..
done

Ma'anar layi na 3 ita ce: a shiga jakar, in an kasa a tsallake ta. Yanzu mu ɗauka an cire wannan continue, sa'an nan aka ci karo da jakar da ba a da izinin shiga. Shel ba zai tsaya ba. Zai yi shara a inda yake tsaye, watau uwar jaka, ya kuma hau mataki ɗaya sama. Daga nan galibin jakunkunan da suka rage ba zai same su ba, domin ya riga ya bar wurinsu, sai ya yi ta shara yana hawa a kowane karo. Kuma rm ba shi da kwandon shara da za a koma a tono. A ganinmu wannan misali ya kamata a fara nuna wa ɗalibi tun ranar da aka koya masa for, ba a jira ƙarshen zango ba.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi bututu, watau hanyar nan ta miƙa abin da umarni ya fitar kai tsaye ga na gaba, wadda ta shiga Unix a 1973 bisa shawarar Douglas McIlroy. Idan aka zuba layuka ta bututu cikin while ana ƙirga su, Bash yakan gudanar da zagayen a cikin wani ƙaramin shel daban. Da zagayen ya ƙare, ƙaramin shel ɗin ya tafi da lissafinsa, sai mai rubutu ya ga sifiri. A shel ɗin David Korn kuwa, rubutun nan ɗaya zai ba da amsa daidai. Maganin shi ne a sa zagayen ya karanta daga fayil kai tsaye.

5.0 Inda ba a bukatar zagaye

Sau da yawa ma ƙirga layuka da zagaye wahalar da kai ne kurum, tun da grep -c ko wc -l za su yi aikin a layi guda. Ƙananan umarni irin su sort da uniq da tr kowannensu yana da zagayensa a ciki, wanda ya fi na shel sauri ƙwarai, domin zagayen shel da yake kiran wani umarni na waje a kan fayil mai layi 10,000 zai tashi wannan umarni sau 10,000.

An ga haka a fili cikin 1986, lokacin da Jon Bentley ya nemi Donald Knuth ya rubuta manhajar da za ta fitar da kalmomin da suka fi yawa a cikin wani rubutu. Knuth ya kawo aiki mai shafuffuka da dama. McIlroy, da aka ba shi ya yi sharhi, ya warware matsalar da umarni 6 da ya haɗa da bututu: tr sau biyu, sort, uniq, sort kuma, sa'an nan sed. Adalci dai shi ne mu ce Knuth salon rubuta manhaja aka nemi ya nuna, ba gajarta ba. Duk da haka muna ba malamai shawara su ba ɗalibai wannan matsala sau biyu, da fari su warware ta da while, daga baya da bututu, sa'an nan su auna lokacin kowanne da umarnin time.