ASALIN SUNAN PALMER DA MUTANEN DA SUKA ƊAUKAKA SHI

Ɗalibanmu sukan gamu da sunan Palmer cikin littattafan tarihin Arewa, amma kaɗan ne suka san ma'anarsa.

A zamanin da, Kirista na Ingila sukan tafi ziyara Baitul Muƙaddas. Tafiya ce ta watanni, ga teku, ga 'yan fashi. Wanda Allah ya komo da shi lafiya yakan riƙo reshen dabino don shaida. Da Ingilishi itacen nan sunansa palm, saboda haka aka riƙa kiran mutumin Palmer, kamar yadda mu ke ce wa wanda ya sauke farali Alhaji. Amma a wurinmu ba a gadon Alhaji. Su kuwa, zuwa wajen shekara ta 1400 laƙabi ya zama sunan gida, har jikan da bai taɓa barin ƙauyensu ba yana amsa shi.

Cikin zuriyar masu sunan akwai John Palmer na birnin Bath, wanda ya ƙago ɗaukar wasiƙu cikin keken dawaki mai sauri a 1784. Akwai Edward Henry Palmer, malamin Larabci a Jami'ar Kambirij, wanda ya fassara Alkur'ani da Ingilishi a 1880. Bayan shekara biyu aka kashe shi a hamadar Sina'i.

Wanda ya fi shafarmu shi ne Sir Richmond Palmer. Da shawararsa aka tuɓe Sarkin Katsina Yero a 1906, aka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko. A 1908 ya buga fassarar Tarihin Kano da Ingilishi. Ya yi Razdan a Barno, sa'an nan ya riƙe Arewa daga 1925 zuwa 1930. Ya rasu a 1958.

Ba mu musun wahalar da ya sha wajen tara tsofaffin takardu. Amma yakan ɗauki kamannin sunaye ya mai da su hujja, ya jawo asalin kabilunmu daga Gabas. Masanan da suka biyo baya sun ƙi yawancin wannan ra'ayi nasa.

Saboda haka muna gargaɗin malamai masu koyar da tarihi, su raba abin da takardun suka faɗa da abin da Palmer ya zata. In ba su raba ba, yara za su haddace zaton Bature su ɗauka maganar kakanninsu ce.