Abin da Masu Zanen Faransa Suka Gano Game da Launi da Haɗa Fenti

A wani gidan tarihi da ake kira Marmottan a birnin Paris akwai zanen da Claude Monet ya yi a shekarar 1872, na tashar jiragen ruwa ta Le Havre da sassafe. Hazo ya lulluɓe ko'ina, ruwa da sararin sama duk shuɗi-shuɗi ne mai toka-toka, sai ga rana ɗan ƙwallo mai ruwan lemo tana ci kamar garwashi. Duk wanda ya kalla zai rantse ranar nan ta fi komai haske a zanen. Amma da wata masaniyar kimiyyar gani ta Jami'ar Harvard, Margaret Livingstone, ta mayar da hoton baƙi da fari, sai ranar ta kusa ɓacewa, domin haskenta daidai yake da na hazon da ke kewaye da ita. Ashe shuɗin da ta zauna a cikinsa ne ya hura mata wuta.

Wannan zanen ne ya jawo wa Monet da abokansa suna. A watan Afrilun 1874 shi da Renoir da Pissarro da Degas da Berthe Morisot da wasu suka baje aikinsu a tsohon ɗakin wani mai ɗaukar hoto, Nadar, saboda alƙalan babban bajekolin gwamnati sun sha ƙin karɓar zanensu. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar Impression daga sunan zanen ya yi musu ba'a da ita, wai aikinsu kallon farko ne kawai, ba a gama shi ba. Ba'ar ta zama laƙabi, har yau kuwa mai koyon haɗa fenti yana komawa gare su ɗaukar darasi.

Abin mamaki, tushen darasin a marina yake. A 1824 aka naɗa masanin sinadarai Michel Eugène Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a Paris. Masaƙa suka kawo masa kuka cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya fita baƙi wuluk. Ya gwada rinin, bai sami aibu ba. Daga baya ya gane inda gizo ke saƙar: idan baƙin zare ya kwanta kusa da shuɗi, ido kan shafa masa ɗan ja-ja mai ruwan lemo, sai ya yi kamar ya koɗe. A 1839 ya wallafa littafi a kan haka. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne launi ba ya zaman kansa, maƙwabcinsa ne ke faɗin yadda za a gan shi. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Kowane launi yana da kishiya. Ja da kore kishiyoyi ne, haka shuɗi da ruwan lemo, haka rawaya da shunayya. In aka jera su gefe da gefe, kowanne sai ya ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, kamar tumatir a kan ganyen latas. In kuwa aka cakuɗa su a faranti, sai su kashe juna su koma toka ko ruwan ƙasa. Dalili shi ne fenti haɗiye haske yake yi: kowane launi yana shanye wani ɓangare na farin haske ya dawo wa ido da saura. Ka haɗa biyu, an shanye kashi biyu. Ka haɗa biyar, abin da ya rage bai wuce taɓo ba. Wannan ne ke kama sabon hannu: ya ga launi bai yi masa ba, ya ƙara wancan, ya ƙara wannan, ya wayi gari da kwaɓaɓɓiyar laka.

Su Monet suka kauce wa wannan tarko ta hanyar rage cakuɗawa. Sukan ɗora launi tsantsa da gajeren bugun buroshi, wani kusa da wani, su bar idon mai kallo ya ƙarasa aikin. Matsa kusa da zanensu, ɗigo-ɗigo da zane-zane kawai za ka gani. Ja da baya taku huɗu, sai ga kogi yana ƙyalli. Masaƙinmu na gargajiya ya san wannan da hannunsa: saƙin da aka jera farin zare da na baba, daga nesa shuɗi mai haske ake gani, alhali babu zare ko ɗaya mai wannan launin a jikinsa. Fuskar wayar salula ma haka take, ƙananan ɗigo ne ja da kore da shuɗi.

Darasi na biyu shi ne inuwa. Kafin su, an saba zana inuwa da baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Su kuwa da suka fita fili suka zura ido, sai suka ga inuwa ma tana da launi. Inda abu ya tare hasken rana mai rawaya-rawaya, hasken shuɗin sama ne ke sauka a wurin, ga kuma ido yana ƙara masa kishiyar rawaya. A zanen Monet na wani tsuntsu a kan ƙyauren shinge cikin ƙanƙara, wanda alƙalai suka ƙi a 1869, inuwar shingen shuɗiya ce. Tsakanin 1890 da 1891 ya zana tarin damman hatsi a gonar maƙwabcinsa a Giverny kusan sau 25, da hantsi, da la'asar, da almuru, da rani, da hunturu. Damman ba su motsa ba, amma babu zane biyu masu launi ɗaya.

Daga nan mai koyo zai ɗauki dabara mai amfani. In kana son dusashe rawaya, kada ka yi gaggawar zuba baƙi, domin zai juya maka ita kore mai dauɗa. Ɗan taɓa mata shunayya da bakin buroshi, sai ta lafa ba tare da ta mutu ba. Haka ja da ɗigon kore. Monet kansa da launuka kaɗan yake yawan aiki a shekarunsa na baya: fari, rawaya, ja iri biyu, shuɗi da kore.

Kayan aiki ma sun taimake su. A da, mai zane kan niƙa garin launi ya kwaɓa da mai, ya ɗura a mafitsarar alade, wadda ke yoyo kuma fentin ya bushe. A 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro kwanson kuza mai matsewa irin na man goge baki, sai fenti ya shiga jaka ya tafi bakin kogi. Shuɗin da a da sai an niƙa dutse mai tsada daga Afganistan ake samunsa, wajen 1830 an fara haɗa shi a masana'anta da araha.

Wanda ke son gwadawa ba sai ya je Paris ba. Ya sami fenti ja da rawaya da shuɗi da fari, ya ajiye ƙwarya a tsakar gida, ya zana ta da hantsi, ya sake zana ta bayan la'asar. Kafin ya tsoma buroshi, ya daɗe yana kallon inuwarta a ƙasa, ya tambayi kansa wane launi yake gani da idonsa, ya manta da wanda aka gaya masa tun yana yaro.