Ranar Tafashiya: Yadda Alu Ya Rasa Yadda Zai Yi da Tukur

Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗan marigayin, Galadima Tukur, wanda ya nuna bajinta a yaƙin Argungu. Wazirinsa Buhari ya ba da shawarar kada a yi haka, ba a ji ba. 'Ya'yan tsohon sarki Abdullahi Maje Karofi suka ce ba za ta saɓu ba, suka fice daga birni bayan yayansu Yusufu, suka yada zango a Takai. Mafarin Basasa ke nan.

Yusufu bai ga ƙarshenta ba, ya rasu a Garko, jagoranci ya koma hannun ƙanensa Aliyu Babba, wanda Kanawa ke kira Alu. A 1894 Yusufawa suka ci birnin, Tukur ya gudu ƙasar Katsina, ya zauna a Kamri.

Nan gizo ke saƙa. Alu ya shiga Gidan Rumfa, amma takardar Sakkwato tana hannun Tukur. Muddin yana numfashi, duk hakimin da ya ji haushin sabon sarki ya san inda zai kai caffa. A kashe shi kuwa, an zubar da jinin kakansu Dabo, domin Bello da Maje Karofi uba ɗaya suke, an kuma kashe wanda Sarkin Musulmi da kansa ya zaɓa. Ga shi mahaifiyar Alu 'yar gidan Shehu ce, ba zai so ƙofar sulhu da Sakkwato ta rufe ba. Irin wannan tsaka mai wuya ce ta sa Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta tsare 'yar'uwarta Mary kusan shekara 19 kafin ta sa hannu a fille mata kai a 1587.

Alu bai sami wannan jinkirin ba. A watan Maris na 1895 rundunoni suka gamu a Tafashiya. An ruwaito cewa ya yi umarni a kamo Tukur da rai, amma a tsakiyar ƙura da hargowar dawaki wa ke tuna umarni? Barde Abdu Nagwangwazo ya soke shi. Aka ɗauko shi da rauni za a kai shi Kano, rai ya yi halinsa a Gurin, aka binne shi a can.

Abin tausayi ne ƙwarai, jikokin mutum ɗaya su kai juna ga haka. Bayan rasuwar Tukur, Sakkwato ta amince da Alu, ya yi mulki har 1903, lokacin da Turawa suka ci Kano.